Rawar Kitikar Kawuna da Maƙerin Taba

Na tuƙa mota har sai da idanuna suka gaza, na ga abubuwa iri-iri a kan hanya, masu daɗi da marasa daɗi. Yawancinsu sun shuɗe daga raina. Amma akwai guda ɗaya da har a rufe ni da ƙasa ba zan manta da shi ba, wato lokacin da motar kawuna ta kama rawar jiki, gari guda ya taru a kan cewa wani tsohon maƙeri ne ya yi mata asiri, ni kuwa na ce atafau ba haka ba ne.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru bayan babban yaƙin nan da aka kwashe mu aka kai ƙasashen waje. A soja na koyi tuƙi. Da yake ni mutum ne mai shisshigi, duk sadda aka kai mota gareji sai in tsuguna kusa da masu gyara in ga abin da suke yi, in yi ta tambaya har su kore ni. Ban zama makaniki ba, amma na san abin da ke ƙarƙashin boneti daidai gwargwado. Da aka sallame mu na dawo garinmu Taba, sai na tarar kawuna, wan mahaifiyata, ya sayi kitika, irin ƙaramar motar nan ta ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya. Tsohuwa ce mai silinda shida, wani kamfanin sayen gyaɗa ya sha aiki da ita kafin ya rabu da ita. Kawu shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya yi mini aure, don haka da ya miƙo mini makulli ban yi wata-wata ba na karɓa.

Mukan ɗauki mazarƙwaila da dankali da barkono mu kai Kudan da Makarfi, wani lokaci har Ikara, da fasinjoji a kan kaya. In mun shiga Zariya kuma kawu ba ya dawowa hannu banza. Sai ya saro fartanya da adda da lauje na kanti, ƙirar Turai, ya zube su a kasuwar ƙauye da arha. Nan ne rigimar ta samo asali. A Taba muna da maƙerinmu, dattijo mai taurin kai, wanda kakanninsa ma su suke wa kakanninmu garma. Kayan kanti suka fara cinye masa ciniki. Wata ranar kasuwa ya zo ya ɗauki adda ɗaya daga cikin na kawu, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya saurara, ya ajiye. Sannan ya dubi motar da ke tsaye a gefe ya ce, a gaban mutane, "Ƙarfen da ya zo da gudu, da rawar jiki zai koma."

Ni a wurina magana ce ta mai sana'a da aka taɓa wa abinci. Amma kowa ya san abin da ake faɗa a kan maƙera, cewa ƙarfe yana jin maganarsu. Ba a daɗe ba kuwa kitika ta fara rawa.

Rawar tata mai ban mamaki ce. In tana tsaye inji na aiki a hankali, lafiya lau. In na taka totur sosai ta wuce wani gudu, nan ma sai ta lafa. Amma akwai wani gudu a tsakani, daidai wanda ake tafiya da shi a kan burji da kaya, da zarar na kai nan sai sitiyari ya kama kakkarwa a hannuna, madubi ya daina nuna komai, ƙafar mutum ta yi ta tsuma a kan dandamali, ka ji wani gurnani yana tasowa daga gaban inji. Mata fasinjoji su kama salati. Kafin a ce me, magana ta zaga daga Taba har Kudan cewa maƙeri ya ɗaure motar.

Na ce wa kawu ya ba ni lokaci. Na kwance filogi duka shida, na tarar ɗaya ya mutu, ya yi baƙi ƙirin. Inji mai silinda shida in ɗaya ba ya cin wuta dole ya yi ɗingishi, don haka na yi murna, na sa sabo, na fita ina gaya wa mutane an gama. Washegari muka yi lodi muka nufi Makarfi. Ɗingishin ya tafi kam, amma muna kaiwa gudun nan sai ga rawa ta dawo, kamar ma ta fi da. Wani dattijo a baya ya buga rufin mota ya ce in tsaya, ya sauka da ƙunshinsa ya ce gara ya ƙarasa da ƙafa. Kawu yana zaune kusa da ni, ya juyo ya dube ni. Wannan gyara da bai ci ba shi ya ƙara wa masu zargi ƙarfi. Suka ce ai ga shi har wanda ya koyo wajen Turawa ya kasa.

Aka kawo rubutu aka yayyafa a boneti, aka rataya laya a sitiyari, aka yi turare a ƙarƙashinta. Ban hana ba, ban da ikon hanawa. Abin da ya dame ni shi ne abin da ya fara samun maƙeri. Mutane suka ɗauke ƙafa daga maƙerarsa, ga damina na ƙaratowa, lokacin da ya kamata a ce garemani sun yi tsibi a gabansa. Matarsa ta dafa daddawa ta rasa mai saye. Surukarsa in ta je rijiya sai mata su janye gugansu su koma gefe har ta gama. Shi kuwa ko a jikinsa, yana zaune a rumfarsa yana zuga wuta, bai je ya ba kowa haƙuri ba, bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba.

Kawu ya kai ƙara wajen dagaci. Shi dagaci abin da ba ya so shi ne maganar ta kai kunnen hakimi, balle ta kai ga Joji, Baturen mulki, don Turawa ba sa son jin zancen sammu a gaban shari'a. Hanya mafi sauƙi a wurinsa ita ce a lallaɓa a sa maƙeri ya kwashe iyalinsa ya bar gari ba hayaniya. Abin da ya rage shi ne shaida, shaidar kuwa ni ne.

Kawu ya kira ni zaurensa bayan la'asar. Ya ce, "An ce ka taɓa ganinsa yana shafa motar nan da sassafe."

Na ce, "Na gani, Kawu. Sifirin ɗin baya ya duƙa ya taɓa, yana duba yadda aka jera ƙarfen."

Ya ce, "To shi ke nan. Abin da za ka faɗa ke nan a gaban dagaci, ka tsaya nan. Ba a ce ka yi ƙarya ba."

Na ce, "In na tsaya nan na yi ƙarya, Kawu. Motar nan ciwo gare ta a cikin inji. Ban gano shi ba tukuna, amma yana nan."

Sannan ya ce, "Ni na ciyar da kai har ka yi gemu. Ka zaɓa, ko makullin nan ko bakinka."

Na tashi na yi masa sallama. A gida mahaifiyata ta riga ta ji. Tana zaune tana kaɗi, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ɗan'uwana ne, shi kaɗai ya rage mini. Ba za ka bar kaza cikin gashinta ba?" Na ce, "Inna, in na bari, mutumin nan zai ɗauki uwar maƙera a ka ya bar kabarin ubansa a kan abin da bai yi ba. Da wane ido zan wuce ta ƙofar rumfarsa?" Ba ta ce na yi daidai ba, ba ta kuma sake roƙona ba.

Daga nan na duƙufa a kan motar kamar wanda ya yi rantsuwa. Na duba notocin babban faifan da ke bayan inji, don in suka saki ko ya karkace yakan kawo rawa, na same su daram. Na duba robobin da inji ke zaune a kansu, ba su tsage ba. Na zubar da baƙin mai, na sauke kwanon ƙasa, na duba metal, wato ƙarafan da ke riƙe da karanshaf, dogon ƙarfen da ke juyawa a cikin inji. Sun ɗan ci, kamar na kowace tsohuwar mota, amma ba cin da zai sa ta wannan tsuma ba. Na mayar da komai, jikina ya yi sanyi. Ba zan ɓoye ba, a ranar sai da zuciyata ta raya mini cewa ko dai mutane sun fi ni gaskiya.

Fanbel, wato bel ɗin da ke juya fankar inji, shi ne ya cece ni. Ya riƙa zamewa yana faɗuwa ba dalili, gefensa guda yana cinyewa. Na mayar da shi, na tayar da inji, na tsuguna ina kallon fuli, wato faifan ƙarfen da bel ɗin yake zagayawa a ƙasa. Sai na ga bakin fulin ba ya tafiya a miƙe, yana ɗan lilo. Nan take na tuna abin da wani tsohon mai gyara ya taɓa nuna mini a gareji.

A cikin inji akwai wani dogon ƙarfe mai gwiwa-gwiwa, shi ne karanshaf. Shi fistin suke tunkuɗawa ɗaya bayan ɗaya yana juyawa, juyawarsa ce ke tafiyar da mota. A inji mai silinda shida a jere ƙarfen nan dogo ne, duk abu mai tsawo kuwa yana murɗuwa, kamar ka kama karan rake ta kai ka murɗa ka ji yana so ya dawo. Kowane bugu sai ya ɗan murɗa shi, ya saki. Akwai wani gudu da in an kai, murɗawar da dawowar sukan hau kiɗa guda, su yi ta ƙara wa juna ƙarfi. Don haka masu ƙera motar suka sa wani zobe mai nauyi a goshin karanshaf, suka manne shi da cibiyar fuli da roba a tsakani, aikinsa ya shanye wannan rawa. In robar ta mutu, ba mai shanyewa. Na taɓa wurin na ji duk ya jiƙe da baƙin mai da ke ɗigowa daga gaban inji, baƙin mai kuwa da zafi su ne ajalin roba.

Sanin ciwo daban, nuna wa mutane shi daban. Fulin nan ba ya fita da guduma, sai da abin zaro shi, wani ƙarfe mai ƙugiya biyu da dogon noti a tsakiya. Ba ni da shi, sai an je Zariya, ga zama a ƙofar dagaci ya matso. Mutum ɗaya ne a garin zai iya ƙera mini ƙugiyoyin. Da hantsi, kasuwa na ci, na ratsa ta tsakiyar mutane na shiga rumfar maƙeri. Da gangan na bi ta nan. Ina jin idanu a bayana kamar ana zuba mini garwashi.

Na durƙusa na gaishe shi, na zana masa abin da nake so a ƙasa da tsinke. Ya dubi zanen, ya dube ni.

Ya ce, "Kai ɗan nan, ka san inda ka shigo kuwa? Motar da aka ce na ɗaure ita zan yi wa makami?"

Na ce, "Baba, ita fa. In ka ƙera mini, zan buɗe cikinta kowa ya gani."

Ya ce, "Ni ban roƙi kowa ya wanke ni ba. Wanda ya ce na yi, shi zai kawo shaida."

Na ce, "Ba don kai kaɗai ba ne. Ni ma an ce na kasa."

Sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya jawo guntun ƙarfe ya cusa a wuta. Kafin azahar ya gama, ya kuwa yi daidai kamar ya taɓa ganin fulin.

Ran zama, na tuƙo kitika na tsayar da ita a ƙofar dagaci, a ƙarƙashin durumi. Gari ya cika. Kawu na gefe guda da mutanensa, maƙeri na zaune shi kaɗai a ƙasa, ya miƙe ƙafa ɗaya. Dagaci ya tambaye ni ko na taɓa ganin tsohon ya taɓa motar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na gani. Na kuma ga kowane mutum a garin nan ya taɓa ta, har da liman. In taɓawa ce laifi, sai a tashi garin duka."

Aka yi guna-guni. Wani daga cikin dattawa ya ce in iya bakina. Na ce, "A gafarce ni, amma ba zan yi shaidar zur da rabin magana ba. Ina roƙon a bar ni in nuna abu ɗaya. In bai fito ba, a kore ni tare da shi."

Dagaci ya dubi kawu, kawu ya kawar da kai. Dagaci ya ce in nuna.

Da zan fito gida da safe, mahaifiyata ta ajiye mini guntun allin kaɗinta a bakin ƙofa, don na roƙe ta tun jiya ba ta amsa ba. Da shi na ja layi guda fari, daga cibiyar fuli ya haye kan zoben waje. Na kira dagaci da liman da duk mai so ya leƙa ya ga layin a miƙe yake. Na ce musu in ƙarfen biyu a manne suke, ko shekara injin zai yi yana juyawa layin ba zai rabu ba. Na tayar da mota, na taka totur a hankali har ta kai gudun nan. Ta kama rawa, boneti na kaɗawa, mutane suka ja da baya, wasu na neman tsari. Na riƙe ta a nan na ɗan lokaci, na saki, na sake takawa, sannan na kashe.

Na juya injin da hannu har allin ya zo sama. Layin ya rabu biyu. Rabi na kan cibiya, ɗaya rabin ya yi gaba ya bar shi da tazarar da ta fi faɗin tafin hannu.

Ban tsaya nan ba. Na zubar da ruwa, na sauke lagireto, wato tankin ruwan da ke gaban inji, na ɗaura ƙugiyoyin maƙeri na yi ta murɗa noti, gumi na zuba, har fulin ya fito. Na kai shi gaban dagaci na ajiye. Na sa yatsa na ƙwaƙulo robar, tana marmashewa kamar tsohon ƙanzo, baƙa, tana warin mai. Na riƙe cibiyar na juya zoben da hannu, ya juya. Fulin ya zaga hannu-hannu, kowa na juyawa yana miƙa wa na kusa.

Da ya iso hannun kawu, ya jujjuya shi, sannan ya ce, "To, wa ya cinye robar?"

Na ce, "Baƙin mai ne, Kawu, da zafi, da shekaru."

Ya ce, "Shi baƙin man wa ya aiko shi?"

A nan na gane cewa akwai ƙofar da sifana ba ta buɗewa. Wasu suka gyaɗa kai ga maganar kawu, har yanzu kuma na san akwai jikokinsu da ke ba da labarin yadda maƙeri ya sa roba ta ruɓe. Amma liman ya ce zato zunubi ne, abin da ido ya gani kuma ya gani. Dagaci, wanda dama mafita yake nema, ya ce ba shaida, kowa ya koma gidansa, kada ya ƙara jin an hana wani ɗiban ruwa a rijiya. Maƙeri ya tashi, ya karkaɗe rigarsa, ya zo ya ɗauki ƙugiyoyinsa ya tafi. Bai dube ni ba, bai ce mini na gode ba, ranar ko bayanta.

Na mayar da lagireto, na ɗaure komai ban da fulin, na je na durƙusa gaban kawu na ajiye makulli kafin ya tambaya. Na gaya masa kada a tayar da ita sai an samo sabon fuli an kuma toshe yoyon man, in ba haka ba wata rana karanshaf zai karye a tsakiyar hanya. Ya ɗauki makullin ya sa a aljihu.

Zaman Taba ya gagare ni bayan haka. Dangi suka ce na tozarta wanda ya rene ni a bainar jama'a saboda bare. Na kwashi matata muka koma Makarfi, na yi ta zaman kashe wando kafin in sami motar wani in ja. Mun sha wuya a wannan shekara, ba kaɗan ba. Da damina ta sauka na sami labarin cewa garemani sun koma rumfar maƙeri, don fartanyar kanti ba ta jure ƙasarmu ba, mutane kuma ba su da wani wurin kai ta gyara.

Bayan kaka, ina tsaye a tasha ranar kasuwa, sai na ji ƙarar inji daga hanyar Kudan. Ko cikin motoci ɗari zan gane muryarta. Ta zo ta wuce ta gabana da wani direba, kawu na zaune kusa da shi, daidai gudun nan da takan yi rawa. Tafiya take sumul, ko madubi ba ya motsi. Na san ba rubutu ne ya yi wannan ba. Daga baya na ji cewa a ɓoye kawu ya aika Kano aka samo masa sabon fuli. Idonmu ya haɗu, na rusuna na gaishe shi, ya ɗaga hannu kaɗan, suka wuce. Mun shirya daga baya, albarkacin mahaifiyata, na kuma yi jinyarsa a ciwon ajalinsa, amma har ya koma ga Allah bai taɓa ɗauko zancen ba, ni ma ban ɗauko ba.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, in abu ya lalace, mutum ya fara duba cikinsa kafin ya dubi maƙwabcinsa, don neman mai laifi ya fi neman ciwo sauƙi, shi ya sa aka fi son sa. Ya kuma koya mini cewa wanda zai tsaya a kan gaskiya kada ya sa ran tukwici. Wanda ka tsaya wa ba lalle ya gode ba, wanda ka saɓa wa ba lalle ya yarda ba, kai ne ma za ka ɗauki tabarmarka ka bar gari. Duk da haka, da za a mayar da ni ƙarƙashin durumin nan yau, a sake yi mini tambayar, amsar da na bayar ita zan sake bayarwa.